Takun Polonez: Rawar Poland da Makaɗan Fina-finanta

 Yau za mu yada zango a ƙasar Poland da ke tsakiyar Turai, wadda Jamus ke yamma da ita, Yukren da Belarus kuma suke gabas. Abin da ya kai mu can shi ne kiɗan fim, da mutanen da suka tsara shi, da kuma wata rawa da ake kira polonez. Kafin mu shiga bayani, ku ɗan karkaɗe kunne.

(Kiɗa: polonez na Wojciech Kilar, daƙiƙa arba'in)

Da wuya ka sami ɗan Poland da zai ji wannan sauti bai gane shi ba. A watan Janairu da farkon Fabrairu na kowace shekara, lokacin da sanyi ya kai sanyi, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare suna yin wani biki mai suna studniówka. Ana yin sa ne idan ya rage kimanin kwana 100 a zauna jarrabawar kammala makaranta, wadda ake yi a watan Mayu. Samari su sha kwat, 'yan mata su ci ado, iyaye su jeru a gefe da wayoyinsu suna ɗauka. Ba a taɓa abinci, ba a sa wani kiɗa, sai an buɗe taro da polonez. A makarantu da yawa shugaban makaranta ko wani malami ne ke shiga sahun farko. Kuma kiɗan da aka fi sawa a yau shi ne wanda kuka ji yanzu. Mai sauraro zai ɗauka tun kaka da kakanni aka gaje shi, alhali kuwa a shekarar 1999 aka tsara shi, domin fim.

Bari in kwatanta muku rawar, tunda ido ba ya gani a rediyo. Polonez tafiya ce. Babu tsalle, babu juyi da sauri. Mutane na jeruwa biyu-biyu, namiji ya miƙa hannu, mace ta ɗora nata a kai, kowa ya miƙe kafaɗa ya ɗaga kai. Ana ƙirga taku uku-uku: a ɗan rusuna da gwiwa kaɗan a yi dogon taku ɗaya, sai gajeru biyu su biyo baya, a sake. Makaɗa kuma suna riƙe da amo kamar haka: tam, ta-ta, tam, tam, tam, tam. Biyun da ke gaba su ne jagora, duk inda suka nufa can sahu zai bi. Su kai ƙarshen zaure, sai maza su yi dama mata su yi hagu, su zagayo su sake haɗuwa. Can kuma biyu su haɗe da biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har a cika faɗin ɗakin. Wani lokaci na gaba su tsaya su ɗaga hannuwa sama su yi rumfa, na baya su sunkuya su wuce ta ƙarƙashi, su ma su tsaya su ƙara tsawon rumfar. Dattijo ɗan shekara tamanin zai iya, yarinya 'yar shekara goma za ta iya. Mutum ɗaya ba ya yin ta, kuma gwanintar mutum ɗaya ba ta fitowa a cikinta. Kyanta yana ga yadda sahu gaba ɗaya ke tafiya da taku guda.

Asalinta rawar ƙauye ce ta bikin aure. Daga nan masu sarauta da manyan masu gonaki suka ɗauke ta, suna yin ta sanye da doguwar riga ta alfarma, da ɗamara mai faɗi, da takobi a kugu. A irin wannan taro, wurin da aka ba mutum a sahu shi ke nuna matsayinsa. Zuwa ƙarni na 18 ta bazu a fadojin Turai, har manyan masu tsara kiɗa irin su Bach da Mozart da Beethoven suka rubuta nasu. A cikin raye-raye biyar da Poland ke ɗauka a matsayin na ƙasa, wato polonez, mazur, kujawiak, oberek da krakowiak, ita ce ake buɗe taro da ita.

To amma me ya ba ta nauyin da take da shi a zukatan mutanen ƙasar? Sai mun koma tarihi. Sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, maƙwabtan Poland uku, Rasha da Furushiya da Ostiriya, suka yi rabon ƙasar a tsakaninsu, sai dai Ostiriya ba ta shiga rabo na biyu ba. Bayan rabo na uku, sunanta ya ɓace daga taswirar duniya, bai dawo ba sai 1918. Shekara 123 ke nan ba su da ƙasa mai 'yancin kanta. A wasu yankuna har harshensu aka hana koyarwa a makaranta. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne harshen da ake yi a gida, da addini, da littafi, da kiɗa. Wani basarake mai suna Michał Kleofas Ogiński, wanda ya shiga boren da 'yan Poland suka yi a 1794 kuma ya tsere bayan an murƙushe shi, ya bar wani polonez mai sanyaya jiki da ake kira Bankwana da Ƙasar Haihuwa. Har gobe ana sa shi. Sai kuma Fryderyk Chopin, wanda Turawa ke sanyawa a sahun gaba na masu fiyano. Kiɗan farko da ya tsara yana ɗan shekara bakwai polonez ne. Ya bar birnin Warsaw a watan Nuwamban 1830, 'yan makonni kafin wani bore ya ɓarke, bai sake taka ƙasar ba har ya rasu a Paris a 1849. A hannunsa polonez ya tashi daga abin rawa ya koma kiɗan da ake zama a saurara, mai ƙarfi, mai fushi a wasu wurare, mai kuka a wasu.

Mu ma'aikatan rediyo akwai wani abu da ke taɓa mu a wannan labari. A watan Satumban 1939, sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Warsaw, gidan rediyon birnin ya riƙa maimaita 'yan sautukan farko na wani polonez na Chopin. Muddin mutum ya murɗa akwatinsa ya ji wannan sauti, ya san birnin bai faɗi ba tukuna. Da 'yan Nazi suka kama ƙasar, sai suka hana kiɗan Chopin a bainar jama'a, a 1940 kuma suka tarwatsa mutum-mutuminsa da ke wani lambu a Warsaw. Su ma sun gane cewa wannan kiɗa ba na nishaɗi kaɗai ba ne.

(Kiɗa: polonez na Chopin a fiyano, daƙiƙa talatin)

Bayan yaƙi, a 1948, aka buɗe makarantar koyon fim a birnin Łódź. Daga cikinta manyan daraktocin ƙasar suka fito: Andrzej Wajda, Roman Polanski, Krzysztof Zanussi, Krzysztof Kieślowski. Zamanin mulkin gurguzu ne, kuma kowane fim sai ya bi ta hannun masu tacewa. Jami'in tacewa yana iya jan layi a ƙarƙashin jimla ya ce a cire, amma da wuya ya kama abin da goge ko ƙaho ke faɗa. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa daraktocin Poland suka ɗauki mai tsara kiɗa a matsayin abokin tunani, wanda ake zama da shi shekara da shekaru.

Ku dubi abin da Wajda ya yi a 1958 a fim ɗinsa mai suna Toka da Lu'ulu'u. Labarin ya faru ne a ranar 8 ga Mayun 1945, ranar da yaƙi ya ƙare a Turai, a wani otal na ƙaramin gari inda manyan gari ke liyafa. An kwana ana sha. Da gari ya fara wayewa, sai aka matsa wa makaɗa, waɗanda gajiya ta riga ta cinye, su yi polonez. Kiɗan ya fito a karkace, sautuka suna kaucewa. Baƙi suka jeru biyu-biyu suna jan ƙafa, fuska babu annuri, kamar masu tafiya cikin barci. A daidai wannan lokaci, saurayin da labarin ke kansa, wanda Zbigniew Cybulski ya fito a matsayinsa, yana can yana mutuwa a kan juji. Ba wanda ya buɗe baki ya ce ƙasa ta fita daga hannun wani ta faɗa hannun wani. Mai kallo ɗan Poland, wanda ya san yadda ake yin polonez da ɗaga kai, ya ga an yi ta da sunkuyar da kai, ya fahimci saƙon. Ku riƙe wannan fage, domin Wajda zai koma wa rawar nan bayan shekara arba'in da ɗaya.

Cikin masu tsara kiɗan, bari mu fara da wanda ya fi gajeren kwana. Krzysztof Komeda likita ne na kunne da hanci da maƙogwaro, an haife shi a Poznań a 1931. Sunansa na asali Trzciński. Ya ɗauki Komeda ne don ya raba aikin asibiti da kiɗan jaz, wanda hukuma ke yi wa kallon kayan Amurka a farkon shekarun 1950. Daga baya ya ajiye likitanci ya rungumi fiyano. Shi ya yi wa Polanski kiɗan fim ɗinsa na farko mai tsawo, Wuƙa a Cikin Ruwa, a 1962, sannan ya bi shi Amurka suka yi Rosemary's Baby a 1968. Fim ne na ban tsoro, amma Komeda bai buɗe shi da ganguna ko ƙara ba. Ya buɗe shi da waƙar reno, muryar mace ɗaya, ta jarumar fim ɗin Mia Farrow, tana rerawa a hankali ba tare da kalmomi ba. Wannan laushin ne ke sa tsigar jiki ta tashi. A ƙarshen shekarar ya ji mummunan rauni a ka a Los Angeles, aka dawo da shi gida, ya rasu a Warsaw a watan Afrilun 1969, saura kwana huɗu ya cika shekara 38.

Zbigniew Preisner, haifaffen 1955, bai yi makarantar kiɗa ba. Tarihi da falsafa ya karanta a Kraków, kiɗa kuwa da kansa ya koya, ta hanyar sauraron faifai da rubuta abin da ya ji. Shi ne abokin aikin Kieślowski tun daga tsakiyar shekarun 1980 har darakta ya rasu a 1996. Su biyun har sun ƙirƙiro wani mai tsara kiɗa ɗan Holan na zamanin da, suka sa masa suna Van den Budenmayer, suna jingina masa kiɗan Preisner a cikin fina-finai, kuma masu kallo da yawa sun ɗauka mutumin ya taɓa rayuwa. A fim ɗinsu na 1993 mai suna Shuɗi, na farko a jerin Launuka Uku, wata mata ta rasa mijinta da 'yarta a haɗarin mota. Mijin mai tsara kiɗa ne da ya bar aiki bai gama ba. Tana son ta manta da komai, amma tana zaune ana magana da ita sai allo ya yi baƙi ƙirin, kiɗan mijin ya faɗo mata da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan hoto ya dawo a ci gaba da maganar. Duk wanda ya taɓa rashin na kusa ya san haka tunawa ke zuwa, ba sallama.

Akwai kuma waɗanda suka kai ga kyautar Oscar: Bronisław Kaper a 1954 da kiɗan fim ɗin Lili, sai Jan Kaczmarek, wanda ya karanci shari'a kafin ya koma kiɗa, a 2005 da Finding Neverland. Kaczmarek ya rasu a 2024.

Yanzu sai mai gayya mai aiki, Wojciech Kilar. An haife shi a 1932 a birnin Lwów, wanda a lokacin yana cikin Poland, yau kuma shi ne Lviv na Yukren. Yaƙi ya raba iyalinsa da garin yana yaro, kuma daga ƙarshe ya zauna a Katowice, birnin ma'adinan kwal da masana'antu, inda ya yi karatun kiɗa. Ya ƙaro ilimi a Paris wajen shahararriyar malama Nadia Boulanger. Da farko yana cikin matasan da ke gwajin sautuka masu wuyar sauraro. A 1974 sai ya fito da wani aiki mai suna Krzesany, wanda ya ɗebo daga kiɗan mutanen duwatsun Tatra da ke kudancin ƙasar, kuma daga nan hanyarsa ta sauya. Ya koma ga gajeren amo mai sauƙi, ya yi ta maimaita shi, yana ƙara masa kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya fara kamar raɗa ya cika zaure.

Ya yi wa fina-finai sama da 130 kiɗa. Ya yi aiki da Zanussi shekaru da dama, ya yi da darakta Kazimierz Kutz, ya yi da Wajda a Ƙasar Alkawari ta 1975. Duniya ta san shi sosai a 1992, lokacin da darakta Francis Ford Coppola ya nemo shi don fim ɗin Dracula. Duk da haka bai tattara ya koma Hollywood ba, yana nan a Katowice. Kuma bai ɓoye ba cewa a wurinsa kiɗan da ya rubuta don zauren sauraro da na ibada sun fi na fim daraja. A nan ni ban bi ra'ayinsa ba, kuma hujjata ita ce abin da ya faru a 1999.

A shekarar ce Wajda ya mayar da littafin Pan Tadeusz fim. Doguwar waƙa ce mai babi 12 da Adam Mickiewicz ya wallafa a Paris a 1834, yana gudun hijira, kuma kowane ɗan makaranta a Poland sai ya karanta ta. Labarin gidaje biyu ne masu gaba da juna a wani ƙauye na yankin Lituweniya a 1811 da 1812. A ƙarshe an sasanta, an yi baikon saurayi Tadeusz da budurwa Zosia, ga kuma sojojin Poland da ke cikin rundunar Napoleon sun sauka a ƙauyen a kan hanyarsu ta zuwa Rasha, kowa na cike da fatan ƙasa za ta dawo. Sai aka rufe biki da polonez, wani dattijo mai daraja ya ja sahu tare da amarya. Marubucin ya san, mai karatu ma ya san, cewa rundunar nan za ta hallaka a cikin ƙanƙarar Rasha, kuma 'yancin ba zai zo ba a zamanin waɗannan mutane. Saboda haka rawar farin ciki ce da bankwana a lokaci guda.

Aikin da ke gaban Kilar ke nan: ya yi kiɗan da zai ɗauki duka biyun. Yana iya ɗauko na Ogiński ko na Chopin, ba wanda zai ce don me. Sai ya rubuta sabo. Ya ba shi taku tsayayye wanda ba ya sauri ba ya nawa, da amo da mutum zai iya riƙewa tun jin farko, yana tafiya yana dawowa, kowace dawowa da ƙarin cika. A allo kuma ga sahun mutane cikin tufafin alfarma suna ratsa fili a sarari, rana na haskawa, kai a ɗage. Darakta ɗaya ne, rawa ɗaya ce da ta 1958, amma wancan karon ya nuna ta a karye cikin hayaƙin taba, wannan karon kuma, shekara goma bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989, ya nuna ta a miƙe. Mutane sama da miliyan shida suka shiga sinima suka kalli fim ɗin a Poland. Makarantu suka riƙa kwasar ɗalibai aji-aji ana kai su.

Daga nan kiɗan ya fita daga sinima ya shiga hannun jama'a. Malaman da ke koya wa ɗalibai taku suka ga ya dace da ƙafar mai koyo, domin bugunsa a fili yake, ba a ɓata lissafi. Ɗalibai kuma sun riga sun san shi. Ba wata hukuma da ta ba da umarni, makaranta ce ta gani a wajen makaranta, har ya zama shi ne na kan gaba, ya sha gaban na Ogiński da aka daɗe ana amfani da shi. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun ga yadda waƙar fim ɗin Hausa kan bar allo ta koma gidan biki, har a manta daga wane fim ta fito. A garuruwa da dama na Poland yanzu ɗalibai kan fito dandalin kasuwa ko babban titi, ɗaruruwansu, cikin rigunan sanyi, su yi polonez tare da magajin gari da duk mai wucewa da ya ga dama ya shiga sahu. A watan Disamban 2023, a taron da hukumar UNESCO ta yi a garin Kasane na ƙasar Botswana, aka sa polonez cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Akwai wani fim guda da ya haɗa zaren nan wuri ɗaya, wato The Pianist na Polanski, 2002. Labarin gaskiya ne na Władysław Szpilman, Bayahude mai kaɗa fiyano a gidan rediyon Warsaw, wanda yana cikin aiki a Satumban 1939 bama-bamai suka katse shirye-shirye. An kwashe iyayensa da 'yan uwansa zuwa sansanin Treblinka, shi kaɗai ya tsira, yana ɓuya a kangaye har yaƙi ya ƙare. Kilar ne ya tsara kiɗan fim ɗin, kuma abin da ya burge ni shi ne yadda ya kame hannunsa. Kaɗan ya rubuta, ya bar wa Chopin fili, ya bar wa shiru fili. Faransawa sun ba shi kyautar César a kan wannan aiki. Fim ɗin ya ƙare da Szpilman zaune gaban fiyano a zauren da ya cika maƙil, ƙungiyar makaɗa na bayansa, yana kaɗa babban polonez na Chopin, kyamara na kan yatsu har sunayen ma'aikata suka gama wucewa.

Kilar ya rasu a Katowice ranar 29 ga Disamban 2013, yana da shekara 81. Birnin Kraków, wanda ke shirya bikin kiɗan fim kowace shekara tun 2008, ya haɗa kai da Katowice suka kafa kyauta da sunansa a 2015. Wanda ya fara karɓa shi ne Elliot Goldenthal na Amurka, Alexandre Desplat na Faransa ya biyo baya, sai Howard Shore na Kanada.